Ƙere-ƙere a Aji: Shin Haɗa Abu da Hannu Yana Koya wa Yaro Binciken Kimiyya?

Gab da shiga shekarar karatu ta 2025/2026, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhajar firamare da sakandare wadda NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya, ta tsara. An rage yawan darussa, an kuma ware sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓa daga cikinsu: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da na amfanin gona. Tun daga lokacin, maganar da ta fi yawa a bakin jami'an ilimi ita ce yaro ya koya a aikace, a rage hadda.

Iyaye sun ji wannan magana ta fuskoki daban-daban. Wasu sun ɗauka cewa da zarar yara sun fara taɓa waya da batir, matsalar koyar da kimiyya ta kau. Wasu kuma na ganin za a mayar da makaranta shagon koyon sana'a, a bar karatu. A birane kuwa makarantu masu zaman kansu sun daɗe suna baje kolin motocin kwali da gidaje masu ƙwan fitila a ranar taron iyaye, suna cewa wannan ce kimiyyar zamani. Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce: idan yaro ya ƙera abu kuma abin ya yi aiki, ya koyi yadda ake binciken kimiyya ke nan? Masana ilimi sun fi shekara ɗari suna jayayya a kanta, kuma an yi gwaje-gwajen da suka ba da wani ɓangare na amsar.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne koyon sana'a. A nan yaro yana koyon yin abin da aka riga aka san yadda ake yinsa: yadda ake jona faifan sola da batir, yadda ake yanka hannun riga. Maigida ya nuna, yaro ya kwaikwaya, ya maimaita har hannunsa ya faɗa. Ana auna nasara da ingancin aikin.

Na biyu shi ne aikin ƙira, wanda shi ne aikin injiniya. Ana ba ɗalibai matsala, a gindaya musu sharuɗɗa, a bar su su nemo mafita. Misali a ce su gina gada da tsinken tsintsiya wadda za ta ɗauki bulo, ko su haɗa matatar da za ta washe ruwan kududdufi da kayan da ba su wuce wani adadin kuɗi ba. Su zana, su gina, su gwada, su gyara, su sake gwadawa. Ba wanda ya riga ya ba su amsa, amma manufar a fili take: abin ya yi aiki.

Na uku shi ne binciken kimiyya, kuma manufarsa daban ce. Mai bincike yana son ya san ko wata magana game da yadda duniya take gaskiya ce, da kuma dalili. Yakan fara da tambaya, ya yi hasashen da zai yiwu a ƙaryata, sannan ya shirya gwajin adalci, wato ya sauya abu ɗaya tak ya riƙe sauran yadda suke. Ya auna, ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa hasashensa, ya maimaita, ya ba wasu su duba. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Ibn al-Haitham, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, da gwaje-gwaje a ɗaki mai duhu ya kafa hujja cewa haske yana tafiya a miƙe kuma daga waje yake shiga ido.

Littattafan makaranta sukan jera hanyar binciken a matakai biyar ko shida, yara su haddace su zuba a jarrabawa. Masu binciken gaske ba sa bin jerin haka. Sukan koma baya, su sauya tambaya, wani lokaci ma ba gwaji a aikin, domin masanin taurari ba zai iya tura tauraro ya ga abin da zai faru ba. Shi ya sa ma'aunin koyar da kimiyya da jihohin Amurka da dama suka ɗauka tun 2013 ya bar jerin matakan, ya kawo ayyuka takwas da ake son ɗalibi ya saba da su, ciki har da tsara bincike, fassara alƙaluma, da kare ra'ayi da hujja. Wannan ma'auni ne kuma ya ɗaga aikin injiniya ya ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da kimiyya a cikin aji, abin da ya ƙara wa ayyukan ƙira farin jini a ƙasashe da yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin na biyu da na uku. A 1991 Leona Schauble da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi da 'yan ajin biyar da shida a Amurka. Sun gano cewa yara, idan aka ba su kayan gwaji, sukan shiga aikin da tunanin injiniya: suna neman haɗin da zai ba da sakamako mafi kyau, kuma da sun same shi sai su tsaya. Ba su damu da gwada abin da ba ya tasiri ba, alhali ga mai binciken kimiyya, gano cewa wani abu ba shi da tasiri sakamako ne mai daraja.

Randa cikin randa: kaya ɗaya, darasi biyu

Misali daga gida zai fi fito da bambancin. A shekarun 1990 marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya yaɗa wata hanyar adana kayan lambu ba tare da lantarki ba. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Yadda abin ke aiki shi ne, ruwan yashin yana tsatsowa ta bangon tukunyar waje, iska ta busar da shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga inda ya tashi, kuma abin da yake ɗiba ba kaɗan ba ne: giram ɗaya na ruwa idan ya bushe yana tafiya da zafin da ya isa ya sauke fiye da rabin litar ruwa da digiri ɗaya. Dalilin sanyin ruwan randa ke nan, dalilin da gumi ke sanyaya jiki ke nan.

A ɗauka malamai biyu sun ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare wannan aiki.

Malami na farko ya raba aji rukuni-rukuni, ya ce wanda tukunyarsa ta fi sanyi ranar Alhamis shi ya ci gasa. Yara suka duƙufa. Rukunin da ya yi nasara ya yi amfani da babbar tukunya, ya ɗebo yashin rafi, ya ajiye ta a baranda inda iska ke kaɗawa, yana kuma zuba ruwa sau uku a rana. Aka tafa musu. Idan aka tambaye su sirrin nasararsu, za su iya cewa yashin rafi ne, kuma ba wanda zai iya musa musu ko ya gaskata su, domin abubuwa huɗu suka sauya a lokaci guda. Kamar mai girki ce da ta sauya tukunya, ta ƙara daddawa, ta rage wuta duk a rana ɗaya: miya ta yi daɗi, amma ba ta san wanne ya gyara ta ba. Waɗannan yara sun yi aiki da hannu, sun ji daɗi, wataƙila ma sun fita da wani kuskuren fahimta da nasarar ta ƙara wa ƙarfi.

Malama ta biyu ta fara da matsalar guda, amma kafin kowa ya taɓa yashi sai ta sa ajin ya lissafa abubuwan da suke zaton za su iya shafar sanyin: irin yashi, faɗin tazarar da ke tsakanin tukwanen, inuwa ko rana, kaɗawar iska, yawan ruwa, shafa wa tukunyar waje fenti. Kowane rukuni ya ɗauki abu ɗaya. Rukunin yashi ya tanadi tukwane iri ɗaya, a wuri ɗaya, da ruwa gwangwani ɗaya, bambancin kawai wannan yashi mai laushi ne, wancan mai tsakuwa. Kowa ya rubuta hasashensa da dalilinsa tun kafin a fara, don kada daga baya ya ce dama ya sani. A gefe aka ajiye tukunya guda ba yashi ba ruwa, wadda da ita za a gane ko dabarar ma tana yin wani abu. Ana sa ma'aunin zafi a lokuta ƙayyadaddu, a rubuta a jadawali.

Daga nan ne darasin gaske ke farawa. Rukunoni biyu da suka gwada abu ɗaya za su iya samun alƙaluma mabambanta, sai a tambaya: ma'aunin ne ya bambanta, ko wani ya daɗe da buɗe murfi, ko bambancin ƙanƙane ne da bai kai a yi magana a kansa ba? Rukunin fenti zai tarar tukunyarsa ba ta yi sanyi ba, domin fentin ya toshe ƙofofin da ruwa ke tsatsowa, kuma wannan tukunya da ta "lalace" ita ce ta fi kowace bayyana yadda dabarar ke aiki. Bayan an tattara sakamakon kowa a allo, sai a koma ga aikin injiniya, kowane rukuni ya ƙera tukunyarsa ta ƙarshe bisa hujjar da ajin ya tara. Malamar da ta ƙware za ta ƙara tambaya ɗaya: wannan tukunya za ta yi aiki a watan Agusta kamar yadda ta yi a watan Maris? Za ta yi a Fatakwal kamar yadda ta yi a Dutse? Yaron da ya gane cewa iska mai laima ba ta shan ruwa sosai zai iya faɗin amsar kafin a gwada.

Kayan ajin biyu ɗaya ne, kuma ba wanda ya buƙaci ɗakin gwaje-gwaje ko lantarki. Abin da ya raba su shi ne tambayoyin da malami ya yi da kuma abin da ya tilasta a rubuta.

Ba yau aka fara ba

Tunanin koyo ta hanyar aiki ya samu gindin zama ne da John Dewey, masanin ilimi ɗan Amurka, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, inda yara ke girki da saƙa da aikin katako suna ciro darasin kimiyya daga ciki. A 1918 William Kilpatrick ya yaɗa tsarin gina karatu kan aikin da yara suka zaɓa da kansu, har Dewey ya zo yana gargaɗin cewa aiki kaɗai, in ba tunani da jagorar malami, ba ilimi ba ne. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, Amurka da Birtaniya suka zuba kuɗi a sababbin manhajojin kimiyya masu sa yaro ya gano abu da kansa.

Guguwar ta iso Afirka da wuri, kuma ta Kano ta shigo. A wani taro da aka yi a birnin a 1965 aka ƙaddamar da shirin kimiyyar firamare na Afirka, APSP, wanda ya ginu kan kayan da ke kewaye da yaro. Darasinsa da ya fi shahara kan ƙwaron nan ne mai haƙa ɗan rami kamar mazurari a cikin yashi yana tarkon tururuwa. Idan yaro ya tambayi malami me ƙwaron ke ci, amsar ita ce ya je ya tambayi ƙwaron, wato ya shirya hanyar da zai gani da idonsa. Ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, ta fito da manhajar haɗakar kimiyya a shekarun 1970 bisa irin wannan tunani. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyin jihar.

Darasi mafi tsada ya zo ne da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a), wanda aka fara aiwatarwa a 1982. An shigo da darasin gabatarwar fasaha a ƙaramar sakandare, gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgariya da Hangari. A makarantu da yawa injunan sun shekara da shekaru a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu lantarki, babu malamin da aka horar. Darasin da aka tsara don hannu ya koma na allo da alli, yara suna zana zarto a littafi suna haddace sunayen sassansa.

An sake gwadawa ta wata hanyar a 2006, lokacin da shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, SMASE, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa kuma aka kwaikwayo daga Kenya, ya fara horar da malaman firamare a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Wannan karon an bar maganar injuna, aka mayar da hankali kan malami da kayan da zai iya haɗawa daga abin da ke hannu. A duk waɗannan yunƙuri, abubuwan da ke kawo cikas ba su sauya ba: cunkoson aji, malamin da shi kansa bai taɓa yin gwaji ba lokacin da yake ɗalibi, da jarrabawar da ba ta tambayar abin da aka ce a koyar.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan ayyukan ƙira suna da hujjoji masu ƙarfi. Sun ce binciken kimiyya ƙwarewa ce, kuma ba a koyon ƙwarewa da ji kawai. Yaron da bai taɓa ganin awonsa ya saɓa wa na abokinsa ba, ba zai gane dalilin maimaita gwaji ba. Sun ce aikin ƙira yana ba yaro dalilin son sani, domin wanda gadarsa ta karye yana da tambaya tasa ta kansa. Sun kuma ce a aikin ƙira kuskure ba abin kunya ba ne, wani mataki ne na aikin. A Faransa, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1992, ya jagoranci kafa wani shiri a 1996 don mayar da gwaji cikin azuzuwan firamare, kuma ginshiƙin shirin shi ne littafin da kowane yaro ke rubuta hasashensa da abin da ya gani da kalmominsa. A baya-bayan nan, wani gwaji da Joseph Krajcik da abokansa suka yi a makarantu 46 na jihar Mishigan ya nuna 'yan aji uku da aka koyar ta hanyar ayyuka sun fi takwarorinsu maki a jarrabawar kimiyya. Sai dai malaman da ke cikin gwajin sun samu horo da tsararrun darussa da kayan aiki.

Masu suka ba su ce a daina gwaji ba. Abin da suke ja a kai shi ne barin yaro ya lalubo hanya shi kaɗai. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun wallafa wata maƙala da ta tayar da ƙura, suna cewa ƙwaƙwalwar ɗan'adam abubuwa kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda idan sababbi ne. Yaron da ke fama da gam da almakashi da gardamar abokan rukuni, in ji su, bai da sauran wurin tunanin ƙa'idar da ake son ya gano. Sun ƙara da cewa yadda gwani ke aiki daban, yadda ɗan koyo ke zama gwani daban, domin masanin kimiyya yana bincike ne da tarin ilimin da ya riga ya mallaka.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi a nan na David Klahr da Milena Nigam ne, na 2004. Sun ba yara 112 'yan aji uku da huɗu ƙwallaye da gangara, ana son su koyi shirya gwajin adalci. Wasu aka yi musu bayani kai tsaye da misalai, wasu aka bar su su gano da kansu. Kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa bayani sun ƙware, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 23 ne. Akwai wani sakamako a gwajin da ba a cika ambata ba: yaran da suka ƙware, ta kowace hanya suka bi, sun yi daidai da juna da aka ba su aikin tantance binciken wasu yara. Abin lura kuma shi ne duka rukunonin biyu sun taɓa kayan da hannu. Ba a kan taɓa kaya aka gwada su ba, a kan yawan jagora ne.

Jarrabawar PISA ta 2015, mai kwatanta ƙwazon ɗalibai tsakanin ƙasashe, wadda ɗalibai 'yan shekara 15 kusan 540,000 daga ƙasashe da yankuna 72 suka zauna, ta ƙara wa muhawarar zafi. A yawancin ƙasashen, ɗaliban da suka ce ana yawan sa su bincike da gwaji a aji sun samu maki ƙasa da waɗanda malaminsu ke yawan yin bayani. Amma masu yawan binciken ne suka fi nuna yarda da cewa hujja ce ke tabbatar da magana, suka kuma fi sha'awar aikin kimiyya nan gaba. Alƙaluman dangantaka kawai suka nuna, ba su tabbatar da wanne ya haddasa wanne ba, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka auna.

Da aka tattara bincike 164 wuri guda a wani nazari na 2011 da Louis Alfieri ya jagoranta, sai hoton ya fito sarai. Barin ɗalibi ya gano abu ba taimako ya gaza koyarwa kai tsaye. Amma bincike mai jagora, inda malami ke ba da misali, yana tambaya, yana gyara, yana sa ɗalibi ya bayyana dalilinsa, ya fi sauran hanyoyin da aka kwatanta shi da su. A yau tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta ragu ƙwarai. Saura jayayya kan lokacin da ya dace a yi bayanin, kafin yara su fara ko bayan sun ɗan sha wuya, da kuma yawan lokacin zango da ya kamata aikin ƙira ya ci.

Jarrabawa ce ke jan akala

Malami a Najeriya yana koyar da abin da WAEC da NECO za su tambaya, kuma ba laifinsa ba ne, domin da sakamakon ake auna shi. Jarrabawar aikace ta fiziks da kemistiri da bayoloji tana nan, amma tsarinta sananne ne. Ana aiko wa makaranta jerin kayan da za ta tanada kafin ranar, malamai su hasaso tambayar, a yi ta bita: ɗiga asid cikin sinadarin alkali har launi ya juya, kaɗa lilo a ƙirga lokaci, zana ƙashi a sa wa sassansa suna. Wannan yana auna iya bin umarni da iya awo, waɗanda suke da amfani, amma ba ya tambayar ɗalibi ya tsara gwaji da kansa. Masu zaman jarrabawar a matsayin masu zaman kansu ma a takarda suke amsa tambayoyin aikacen. Makin da makaranta ke tarawa a tsawon shekaru, wanda ke da kashi 30 a sakamakon WAEC, shi ne gurbin da aikin ƙira zai iya shiga, sai dai a mafi yawan makarantu gwajin rubutu ne ke cike shi.

Indiya ta ga wannan a aikace. A 1972 aka fara wani shiri a makarantun gwamnati 16 na gundumar Hoshangabad a jihar Madhya Pradesh, inda yaran karkara ke koyon kimiyya ta gwaji da kaya masu araha. Masu shirin sun gane tun farko cewa sai an taɓa jarrabawa, don haka suka samu izinin yin tasu, wadda ɗalibi ke shiga da littafinsa a buɗe kuma yake yin gwaji a gaban mai dubawa. Shirin ya bazu zuwa ɗaruruwan makarantu, ya yi shekara 30, sannan gwamnatin jihar ta rufe shi a 2002 ta mayar da makarantun kan littafi da jarrabawar kowa da kowa.

Yadda abin zai taɓa gida da aji

Iyaye ne za su fara ji a aljihu. A Kenya, bayan an fara sabuwar manhajar ƙwarewa a 2017, koken da ya fi yawa shi ne na kuɗin kayan aikin gida da kuma yadda iyaye suka koma su ke yi wa yara aikin. Irin haka na faruwa a duk inda ake ba da maki kan kyan abin da aka kawo: mai hali ya kai wa kafinta ko mai walda, ɗan talaka ya zo da kwali. Idan kuwa makin yana kan littafin aiki, wato tambayar da aka yi, hasashen da aka rubuta, jadawalin awo, da bayanin abin da bai yi ba, to kuɗin uba ba ya saye, kuma aikin dole a aji za a yi shi. Uban da ke son sanin irin darasin da ɗansa ke samu zai iya tambayarsa me ya sauya, me ya bari yadda yake, da me ya auna. Ba sai uban ya yi boko zai gane ko akwai amsa ba.

A ajin da maza da mata ke haɗe, malamai sun san yadda rabon aiki ke kasancewa in ba a sa ido ba: maza su riƙe kayan, a miƙa wa mace biro ta zama marubuciya. Juya ayyukan tsakanin 'yan rukuni a kowane zama yana magance wannan ba tare da an kashe ko sisi ba.

Harshe ma yana ciki. Zuciyar binciken kimiyya gardama ce, yaro ya ce ga dalilina, wani ya ce ban yarda ba. Yaron da Turancinsa bai wuce amsa "eh" da "a'a" ba zai yi shiru idan aka ce da Turanci kawai za a yi gardamar. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, don haka malamin karkara zai ci gaba da abin da ya saba, bayani da Hausa, rubutu da Turanci.

Nauyi mafi girma yana kan malami. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati na manyan biranen Arewa aji mai yara fiye da ɗari ba abin mamaki ba ne. A irin wannan aji ba za a yi rukunoni ashirin kowanne da tukwanensa ba. Abin da zai yiwu shi ne gwaji biyu ko uku a gaban aji, kowa ya rubuta hasashensa, a riƙa kiran yara suna karanta ma'auni bi da bi, a yi gardamar tare. Sai kuma lokaci. Darasi minti 35 ne ko 40, kuma ɗalibin ƙaramar sakandare yana da darussa 12 zuwa 14 ko bayan ragin da aka yi. Aikin tukunya yana son a haɗe darasi biyu a jere ranar farawa, da 'yan mintuna kullum na mako guda don awo. Wannan ba ya cikin takardar manhaja. Shugaban makaranta da mai tsara jadawalin darussa ne ke yanke shi a farkon kowane zango.